Yadda Na Raba Ƙanwata Da Masoyinta A Hanyar Birmingham

Sallama ga Edita da duk mai karanta wannan shafi. A shekarun da abin nan ya faru, ni matar ɗalibi ce a Manchester. Muna zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Hulme, ni da maigidana da 'yarmu guda. Shi yana digirinsa na uku, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi, irin aikin da yau a kira ki, gobe a ce ki zauna a gida sai an neme ki. Lokacin ne gwamnatin ƙasar ta tsuke bakin aljihu, kullum sai ki ji hukumar gari ta rufe wani abu, yau ɗakin karatu, gobe wurin wasan yara. Duk wannan bai rage min kaifi ba. Ni ce babba a gidanmu, na saba in faɗa a ji, kuma da na zo Ingila ban bar halin a filin jirgi ba. Cikin matanmu na Manchester har zuwa Birmingham, in ana suna ko walima, ni ce a bakin tukunya. Wainata ta yi suna, na sani, kuma ina jin daɗin a faɗa a gabana. In na ce zan yi abu, ko sama da ƙasa za su haɗe sai na yi. A lokacin cika alkawari nake kiran wannan hali, ban yarda taurin kai ba ne.

Ina da ƙanwa, autarmu, wadda kusan a bayana ta girma. Tana gida Zariya tana koyarwa a wata makaranta. Wanda ke neman aurenta shi ma ɗalibi ne a nan Manchester, tun suna jami'a suke tare. Zan kira shi Malam, don haka nake kiransa. Siriri ne, shiru-shiru, ga kunya kamar amarya. In ya zo gaishe ni, a bakin ƙofa yake tsayawa ya russuna, ba ya haɗa ido da ni, ba ya cin abinci a gabana, sai dai in zuba masa a roba ya tafi da shi. Yaya yake ce min. Laifinsa ɗaya a wurina, yana da sikila. Bai ɓoye ba, shi ya fara faɗa. An yi gwajin jini, likita ya ce na ƙanwata lafiya lau ne, 'ya'yansu ba za su yi ciwon ba. Iyayenmu suka amince. Ni ce na yi tsalle na dire, na ce ba zan zuba ido autarmu ta ƙare ƙuruciyarta a bakin gadon asibiti ba. Na faɗa wa Mama, na faɗa wa kawunnanmu, kuma na san maganar ta koma kunnensa. Ƙanwata ta yi kuka, ta daɗe ba ta ɗaga wayata. Daga ƙarshe Baba ya tsawatar, aka karɓi kayan neman aure daga danginsa, aka ce sai ya kammala karatu a ɗaura. Tun daga nan Malam ya shiga yi min hidima ba ji ba gani. Yana da wata tsohuwar mota da yake kai wa mutane saƙon abinci da yamma, da ita yake ɗauko min cefane, da ita yake kai 'yata makaranta in aiki ya riƙe ni. So yake ya nuna min shi ma zai iya riƙe gida. Na gane hakan sarai, na kuma ƙyale shi yana yi, domin ni ke amfana.

A ƙarshen wani lokacin sanyi, 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a unguwar Aston ta Birmingham ta haihu. Haihuwar fari ce, ba uwa kusa, ba kowa. Na ce ta kwantar da hankalinta, abincin suna a wuyana yake. Maigidana a lokacin ya tafi Najeriya tattaro bayanan bincikensa, ba mai taka min birki. Na jiƙa shinkafa, na niƙa, ƙullu ya tashi yadda nake so. Na yi miyar taushe, na yi dambun nama, na dama wa mai jego kunun kanwa. Duk kwanakin nan rediyo da talabijin ba su da zance sai na wata dusar ƙanƙara da ke tafe, ana cewa kada kowa ya fita sai dole. Na ce Turawa dai akwai tsoro. Tun zuwana ƙasar, dusar da na sani ita ce wadda ke sauka da safe, yara su yi wasa, kafin azahar ta zama caɓi. Ana gobe suna ta fara zuba, na ci gaba da suyata. Ranar suna da na ɗaga labule ban gane unguwarmu ba, motoci sun zama tsibi-tsibi, iska na kwasar dusar tana watsawa a taga. An soke jiragen ƙasa, an soke manyan bas. Mai jego da kanta ta kira ta ce don Allah in yi zamana, mijinta zai sayo shinkafa a wani shago a unguwar Sparkhill a raba wa 'yan tsirarun da suka samu zuwa. Maganar nan maimakon ta sanyaya min rai sai ta tunzura ni. A ce ina raye a ci abincin shago a sunan ɗanmu, ga waina cike da kuloli a falona.

Maƙwabciyata wata baiwar Allah ce 'yar Filato, Kirista, ma'aikaciyar jinya, mun zama kamar 'yan uwa. Ta shigo ɗaukar 'yata kamar yadda muka shirya, ta ga kuloli a jere a bakin ƙofa, ta tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Ta ce in raba wa mutanen bene wainar, ladan ɗaya ne. Na yi mata dariya, na ce ashe wadda ta taso a sanyin Jos ita ce matsoraciya. A gabanta na ɗauki waya na kira Malam. Ina so masu karatu su fahimci abin da na yi a nan, domin shi ne asalin zunubina. Ban ce masa ya kai ni ba, na fi haka wayo. Na gaishe shi, na tambayi karatu, na ba shi labarin abincin da na yi da jirgin da aka soke. Na yi ajiyar zuciya, na ce da maigidana yana gari da ban damu ba. Sannan na ce amma ba komai, kada ya sa wa ransa, na san shi ba kowane yanayi jikinsa ke ɗauka ba. Na san inda na soka. Ya ce in shirya, ga shi nan zuwa. Da na ajiye wayar, maƙwabciyata ta kalle ni kallon da har yau ban manta ba, ta ja hannun 'yata suka fita.

Ya iso cikin farar shadda da hula, ya ɗora wata 'yar jaket a kai, ƙafarsa takalmi sau-ciki, shigar mai zuwa suna gidan surukai. Na lura da takalmin, na kau da kai. Ni kuwa na sha rigunan sanyi har uku da safa da dogon takalmi. Ya kwashi kuloli ya jera a mota, ni kuma na ɗauko babban bargon gadonmu na lulluɓe su don kada abinci ya huce. Na shiga baya na zauna kusa da kayana. Fita daga gari kaɗai ya isa ya zama gargaɗi ga mai hankali. Motoci na tafiya kamar masu rakiyar gawa, wasu an yar da su a gefen titi, wata bas ta gicciye a kan gada. Da muka hau babbar hanyar da ke gangarawa kudu, layi ɗaya ne kawai ake bi, manyan motoci na watsa mana ƙanƙara a gilashi. Hitar motar numfashi kawai take yi, ba zafin kirki. Sau ɗaya ya buɗe baki, cikin ladabi, ya ce rediyo na cewa an rufe hanya a gaba, ko za mu tsaya a gidan mai mu ga abin da hali zai yi. Na ce in ya gaji ne ya faɗa mu koma. Ya ce bai gaji ba, ya ƙara riƙe sitiyari.

Mun wuce garin Stoke da kaɗan muka tarar da 'yan sanda sun tare hanya, suna sauke kowa, suna nuna wa mutane inda za su fake ko su juya. Nan ne na yi kuskuren da sai irinmu za su yi. Na ce masa a gida in tirela ta faɗi ta tare titi, wa ka taɓa gani ya zauna jira? Ai ratsewa ake yi ta ƙauye a ɓulla gaba. Na buɗe taswirar waya, na ga wani siririn layi da ya zagaya ta bayan gari ya koma babbar hanya can ƙasa, na miƙa masa. Ya duba, ya ce a shekarun nan manyan hanyoyi kaɗai ake zuba wa gishiri, ƙananan an bar su, shi da yake yawon kai saƙo ya sani. Na ce Allah na nan, kuma an kusa fara taro. Ban ɗaga murya ba, ban yi faɗa ba. Na dai jingina da kujera na yi shiru, irin shirun da babba ke yi in ta gama magana. Ya karya kan mota muka shiga.

Da farko akwai gidaje jefi-jefi da sawun taya, daga baya suka ƙare. Hanyar ta fara hawa tudu, iska na kwaso dusa daga gonaki tana cike titin, har ba ka bambance inda kwalta ta tsaya da inda gona ta fara. Ko'ina fari fat, sama da ƙasa launi ɗaya. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, amma ko a lokacin ban ce mu juya ba, wai kada in ji kunya. A wata gangara motar ta daina jin sitiyari. Ba da gudu ba ne, a hankali ta juya da mu, ina jin yana salati, sai bayanta ya faɗa wani kwari da dusa ta rufe, gabanta ya ɗaga. Miya ta tuntsire a ƙafata. Ya ba ta wuta, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ya kira lambar agaji ya sa a bayyane ina ji. Matar da ta ɗauka ta ce mutane da yawa sun maƙale a yankin, mu zauna cikin mota, za a zo amma sai mun yi haƙuri. Sai ta tambaya ko akwai mara lafiya a cikinmu, ko mai wata larura da ya kamata su sani. Ya ce babu. Ina zaune a bayansa, ina ji, Turancin bai fi ƙarfina ba. Da na buɗe baki na ce yana da sikila, da wataƙila an sa mu a gaba. Na yi gum. Na gaya wa kaina wai kada in kunyata shi, amma gaskiyar ita ce faɗin hakan zai nuna wa matar nan irin mutumin da na fito da shi cikin wannan masifa.

Ya fita da murfin kula yana kwashe dusa daga ƙarƙashin taya. Ya cusa tabarmin ƙafa na mota, ya dawo ya gwada, ya sake fita. Kafin wani lokaci shaddarsa ta jiƙe har gwiwa ta sandare. Mai ya yi ƙasa, don haka sai ya kunna inji kaɗan ya kashe. Duk sanda ya kashe, sai ya ce zai je ya share bakin salansa kada hayaƙi ya dawo mana ciki, ya fita ya daɗe. Dalilin gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Na san nauyin zama yake ji, shi da yayar matar da zai aura, a rufe cikin ƙaramar mota, numfashinsu na haɗuwa a gilashi. Ina hango shi ta taga ya juya wa iska baya, hannuwansa a hammata. Abin da ya kamata in yi bai fi in buɗe ƙofa in daka masa tsawa in ce ya shigo ba, ni da na iya tsawa. Ban yi ba. Bargon nan kuwa yana kan kuloli, na bar shi a kansu tsawon lokaci, don har a lokacin ina lissafin za a fito da mu mu kai abinci da ɗuminsa. Da sanyi ya fara cin ƙashina, na yaye shi na lulluɓa wa kaina. Na yi masa tayin waina da kunu sau ɗaya, tayin fatar baki, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi, na rufe kula. Alhali na san mai sikila ba abin da yake buƙata kamar ɗumi da shan ruwa. Na sani ne don na karance komai a kan ciwon, lokacin da nake tara hujjar hana aurensu.

Bayan la'asar haske ya fara ja da baya, kun san yadda ranar sanyi take a ƙasar nan. Ya shigo ya zauna, wannan karon bai sake fita ba. Ya kifa kansa a kan sitiyari. Ina jin haƙoransa na gugar juna, numfashinsa na fita guntu-guntu. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce ba komai Yaya. Can sai wani nishi ya kufce masa, irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya yi sauri ya ba ni haƙuri. Wallahi haƙuri ya ba ni. A nan ne kunya da girman kan da nake taƙama da su suka zube. Na tsallaka gaba, na naɗe shi da bargo, na zare masa takalmi, ƙafafunsa kamar an ciro su daga firji, na ɗaure su da mayafina. Na kafa masa kofin kunu a baki, rabi na shiga rabi na zuba a shaddar. Na tambaye shi maganinsa, ya ce garin sauri ya baro shi a ɗaki. Ya ce bayansa da ƙirjinsa kamar ana sara da gatari. Na sake kiran masu agaji ina ihu ina kuka, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun da rana. Shi kuwa tsakanin nishi da nishi abu biyu yake maimaitawa, in yafe masa bai kai ni ba, kuma don Allah kada ƙanwata ta ji.

Wani manomi ne Allah ya turo. Ya fito da tarakta duba tumakinsa, ya hango fitilarmu na ƙyaftawa. Shi ya sungumi Malam kamar yaro ya sa a tarakta, ni na maƙale a gefe, ya kai mu gidansa. Matarsa ta kwantar da shi kusa da murhu, ta yi ta cika robobi da ruwan ɗumi tana jera masa. Motar asibiti ba ta iya hawowa ba sai da aka share hanya, kuma kafin ta iso Malam ya daina ba ni haƙuri, ya daina magana gaba ɗaya, leɓɓansa sun canza launi. Kuloli na can cikin mota, sai bayan kwanaki aka jawo ta, ban ma tambayi inda aka zubar da abincin ba. A Aston kuwa an raɗa wa yaro suna, an ci shinkafar shago, kowa ya koma gidansa lafiya.

Ciwon ya sauka a ƙirjinsa. Aka kai shi ɗakin da ake kwantar da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa, aka sa masa na'urar numfashi, aka yi masa canjin jini. Ina zaune a baranda ina roƙon Allah ya ɗauki duk abin da yake so a wurina ya bar shi. Ya rayu. Amma da ya farfaɗo aka ga ɓarin jikinsa na hagu ya taɓu, hannu ba ƙarfi, ƙafa sai ja. Likita ya tambaya cikin mamaki yadda aka yi mai irin wannan larura ya wuni cikin dusar ƙanƙara da takalmin zuwa biki. Malam ya ce shi ya nace sai ya kai ni, shi kuma ya zaɓi hanyar. Haka ya faɗa wa yayansa, haka ya faɗa wa ƙanwata da labari ya kai gida, don irin wannan ba ya ɓoyuwa. Kowa ya yi ta cewa ganganci ya yi, mutum ya san jikinsa ya je yana neman suna wurin surukai. Ƙanwata ta kira ni tana kuka kamar ranta zai fita, ta ce Yaya ina kike da kika bar shi, me ya sa ba ki hana shi ba. Na ce mata na yi iya ƙoƙarina, bai ji ba. Wannan ƙaryar da bakina na yi ta, ba wanda ya tilasta ni.

Bai daɗe da barin asibiti ba kawunnanmu suka zauna da Baba. Suka ce ga abin da babbar 'yarka ta hango tun farko muka ƙi ji, tun ba a ɗaura ba an fara jinya. Ƙanwata ta ce ta ji ta gani, ko a keke yake za ta zauna da shi. Sai shi da kansa ya aika mata cewa ya sauwaƙe mata, ba zai ɗaure ta da jinya ba. Aka mayar musu da kayansu. Ranar Mama ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce Allah ya yi min albarka, ni ce mai hangen nesa a gidan, da an bi maganata da ba a kai ga haka ba. Wayar na kunnena, bakina a buɗe. Ina iya cewa Mama ba ciwon ne ya kayar da shi ba, mutumin nan ya yi shekaru bai kwana asibiti ba don yana kula da kansa, ni na ja shi cikin sanyi, ni na zauna da bargo shi yana waje. Da na faɗa, na san Baba, da bai bari an mayar da kayan nan ba. Na ce amin, na tambaye ta ya jikin ƙafarta.

Sau ɗaya na je wurinsa kafin ya bar ƙasar, da niyyar in nemi gafara. Yana zaune a kujera, sanda a gefe. Na fara magana ya tare ni, ya ce ƙaddara ce, kada in sa komai a raina, ya tambayi 'yata da karatunta. Da na miƙe zan tafi, sai ya dafa sanda yana kokawar tashi wai zai raka ni bakin ƙofa. Na fito na zauna a matakalar bene na yi kuka har na gode Allah. Ya kammala karatunsa a makare, ya koma gida, na ji yana koyarwa a wata jami'a, kuma har yanzu da sanda yake tafiya. Maƙwabciyata ba ta taɓa tayar min da zancen ba har muka rabu, muna gaisawa, muna taimakon juna, amma ba ta sake zama hira a falona ba. Ƙanwata ta daɗe ba ta saurari kowa ba. Daga baya ta yi aure, tana da 'ya'ya, mijin ba shi da laifi. Sai dai dariyarta mai ƙarfi da ake ji tun daga zaure, ban sake jin ta ba. Duk abin da ya taso mata ni take fara kira, ta ce ba ta da wadda ta fi ni son ta da alheri.

Abin da nake so in gaya wa 'yan uwana da ke ƙasashen sanyi, in hukuma ta ce kada a fita, to kada a fita. Dusar ƙanƙara ba ruwan damina ba ce da za a fake a gindin bishiya ta ɗauke. In an rufe babbar hanya, ƙaramar ta fi ta muni, dabarar ratse a bar ta a gida. In mai agaji ya tambayi ko akwai mara lafiya, a faɗi gaskiya, ko da mai ciwon ya ɓata rai. Suna da biki ana yin su ko kin je ko ba ki je ba. Amma babban gargaɗina ga irina ne, yayye da iyaye da surukai, mu da ake jin nauyinmu. Akwai mutanen da ba za su iya ce mana a'a ba, mun san su, kuma mun san maganar da za mu yi su miƙe ko suna mutuwa. Kafin ki nemi alfarma wurin irin wannan mutum, ki tambayi kanki ko yana da damar ƙi. In ba shi da ita, to umarni kika ba shi, kuma duk abin da ya same shi a wuyanki yake, ko da duniya ta shaida shi ya ce zai yi.

Na san ƙanwata na karanta wannan mujalla, tun tana budurwa ba ta wuce ta. Ban ambaci suna ba, amma ba sai an gaya mata ba. Autarmu, na kasa faɗa miki a waya, na kasa faɗa miki ido da ido duk zuwan da nake yi gida. Gaskiya ne shi ya ce zai kai ni, amma ni na sa maganar a bakinsa. Ni na zaɓi hanyar. Ban hana shi ba, ban ma gwada ba. Mutumin da kika so bai yi ganganci ba, kuma bai kasa ba. Ban ce ki yafe min ba, ina dai so ki daina jin haushinsa.